Tara Harsashi Don Gudun Yankewarsa: Tanadi Ne Ko Tsoro?



A ƙasar Amurka akwai wata ɗabi'a da ta zama kamar zazzaɓin damina, tana tafiya tana dawowa. Duk lokacin da zaɓe ya gabato, ko wata masifa ta auku, ko aka ji ƙishin-ƙishin gwamnati za ta taɓa dokar bindiga, sai masu bindigogi su kwarara zuwa kantuna su kwashe harsashi, kowa yana gudun kada gobe ya nema ya rasa. Daga 2008 zuwa yau abin ya faru sau uku manya, kuma a dukan ukun harsashin ya yanke da gaske. Abin da nake so mu duba tare shi ne wanene ya yanke shi. Ni dai a ganina, masu tsoron yankewar su ne suka jawo ta da hannunsu. Ina kuwa kawo wannan labari ne domin irin maganar da ake yi a can da babbar murya, ana yin ta a wasu ƙauyukanmu da raɗa, kuma sakamakonta a nan ya fi na can muni.

Da farko sai mai karatu ya san yadda ƙasar take. Tsarin mulkin Amurka, tun gyaran da aka yi masa a 1791, ya ba ɗan ƙasa ikon riƙe makami. A yawancin jihohinsu, wanda ya kai shekara 18 yana iya shiga kanti ya sayi harsashin doguwar bindiga kamar yadda mu ke sayen ƙusa, ko da yake wasu jihohi irin su Kalifoniya suna bincikar mai saye tukuna. Wata cibiya da ke birnin Janiba, wadda aikinta shi ne ƙidayar ƙananan makamai, ta ƙiyasta cewa a 2017 farar hula na Amurka suna riƙe da bindigogi miliyan 393, watau bindigogin sun fi mutanen ƙasar yawa. Yawancin masu su kuwa ba miyagu ba ne. Maharba ne masu bin barewa a lokacin kaka, da manoma masu korar dabbobin ɓarna, da masu wasan harbin bara, da masu ajiye bindiga don tsaron gida. Dole a faɗi wannan don kada mu ɗora wa mutane laifin da ba nasu ba.

Guguwa ta fari ta taso ne a watan Nuwamba na 2008, da Barack Obama ya ci zaɓe. Magana ta bazu cewa sabon shugaban zai hana sayar da bindigogi, ko ya ɗora wa harsashi haraji mai nauyi. Mutane suka ruga kantuna, har aka shiga 2009 ana neman wasu nau'o'in harsashi ana rasawa. Aka yi shekara huɗu na mulkinsa na farko, majalisar tarayya ba ta yi wata dokar hana sayar da harsashi ba. Abin da ake gudu bai zo ba, amma yankewar ta zo.

Guguwa ta biyu ta fi ta fari ban tausayi. Ran 14 ga Disamba 2012 wani saurayi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook a jihar Connecticut, ya kashe yara ƙanana 20 da manya 6. Iyaye na cikin makoki, aka soma batun tsaurara doka, nan da nan kuwa kantuna suka cika da masu saye. A watan Janairu na 2013 babban kantin nan na Walmart ya ƙayyade wa kowane mai saye kwali uku kaɗai a rana. Ƙaramin harsashin nan mai lamba .22, wanda ake harbin zomo da shi ana kuma koya wa yara saiti, wanda a da ya fi kowane arha, ya yi wuyar samu har na tsawon shekaru. Jita-jita kuma ta bi gari cewa ma'aikatar tsaron cikin gida ce ke saye shi duka don ta hana jama'a samu. Da ofishin binciken kuɗin gwamnati ya duba lissafi a 2014, sai ya tarar sayen da ma'aikatar ke yi raguwa ma ya yi tun daga 2009. Dokar da aka kai majalisar dattawa kuwa ta faɗi a watan Afrilu na 2013, ko da yake jihohin New York da Connecticut sun tsaurara nasu dokoki.

Guguwa ta uku ita ce babba. A 2020 abu uku suka haɗu: annobar korona da ta rufe gari tun daga watan Maris, da tarzomar da ta biyo bayan kisan George Floyd a hannun ɗan sanda a watan Mayu, da zaɓen shugaban ƙasa mai zafi a Nuwamba. A shekarar nan hukumar FBI ta yi binciken masu neman bindiga kusan sau miliyan 40, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan. Ƙungiyar masu sana'ar bindiga ta ƙasar ta ƙiyasta cewa mutum sama da miliyan 8 ne suka sayi bindiga karo na farko a rayuwarsu. To, mai karatu ya yi lissafi da kansa. In kowane ɗaya daga cikin miliyan 8 ya sayi kwali biyu kaɗai, kowane kwali da harsashi 50, an sami harsashi miliyan 800 ke nan a kan abin da aka saba sayarwa, tun ba a ƙidaya tsofaffin masu bindiga da suka ninka sayensu ba. Kamfanin Vista Outdoor, wanda a lokacin yake da masana'antun Federal da CCI, ya bayyana a ƙarshen 2020 cewa odar da ke jiransa ta haura ta dala biliyan 1. Farashin wasu nau'o'in ya ninka biyu, wasu ma uku. A watan Agusta na 2021 kuma gwamnatin Biden ta sa takunkumi a kan shigo da harsashi daga Rasha, masu tarawa suka ƙara samun dalili.

Wani zai ce, me ya hana masana'antu su ƙara yawan abin da suke ƙerawa? Amsar tana cikin yadda ake yin harsashin kansa. Abu huɗu ne ke cikinsa: kwanso na tagulla, da albarushi, da kan dalma wanda shi ke fita ya yi ɓarna, da wani ɗan ƙaramin makunni a gindinsa wanda ke kama wuta in an danna kunama. Wannan makunni shi ne mai wuyar yi, gama haɗinsa yana da hatsari ƙwarai, kuma a lokacin manyan masana'antu huɗu ne kaɗai ke yin mafi yawansa a duk faɗin Amurka, watau Federal, CCI, Winchester da Remington. Ɗaya daga cikinsu, Remington, ta karye a watan Yuli na 2020, a daidai tsakiyar rububin, masana'antarta ta jihar Arkansas ba ta koma aiki sosai ba sai a 2021 bayan an sayar da ita. Bugu da ƙari, masu masana'antu sun san halin kasuwarsu. Sun ga abin da ya faru bayan Donald Trump ya ci zaɓen 2016, inda tsoro ya kwanta, ciniki ya faɗi, kaya suka jibge ba mai saye. Ba mai hankalin da zai kashe miliyoyin daloli ya gina sabuwar masana'anta saboda zazzaɓin shekara biyu. Saboda haka abin da ake ƙerawa yana ƙaruwa ne a hankali, tsoro kuwa a dare ɗaya yake ninka bukata.

Mu ma mun san wannan ciwo, ko da ba a kan harsashi ba. Da an ji za a ƙara kuɗin mai, sai mai mota ya cika tanki, ya cika jarka, ya aiki yaro da wata jarkar, kafin la'asar gidan mai ya rufe. Wanda ya ga layi sai ya shiga layi, shigarsa kuma ta zama shaida ga na bayansa cewa lalle man ya ƙare. Haka muka gani a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, wanda duk ya sami sabuwar takarda sai ya ƙi sakinta. Haka kuma a watan Agusta na 2014, da aka aika saƙo ta waya cewa ruwan gishiri yana maganin Ebola, mutane suka tashi da tsakar dare suna wanka suna sha, wasu suka ƙare a asibiti. Tsoro yana da wannan hali, yakan haifi abin da zai nuna ya ce, ga shi, ai na faɗa muku.

Sai kuma mu tambaya, wa ya ci riba, wa ya yi hasara? A Amurka wanda ya sha wuya shi ne maharbin da ke bukatar kwali ɗaya tak don farautar kaka, wanda da naman yake cika tukunyar iyalinsa har sanyi ya wuce. Ya zaga kantuna ya dawo hannu wofi, alhali wani yana da dubbai a ƙarƙashin gado waɗanda ba zai harba ba har ya mutu. Ofisoshin 'yan sanda na wasu garuruwa ma sun yi kukan jinkirin samun harsashin horo. Wanda ya ci riba kuwa shi ne ɗan sari, mai sammako ya tsaya bakin kanti ranar da mota ke sauke kaya, ya kwashe, ya sayar ta intanet da kuɗi ninki. Littafin Karin Magana sura 11 ya riga ya nuna mana yadda jama'a ke la'antar mai ɓoye hatsi, suna sa wa mai fito da shi albarka. Halin ɗan Adam bai sake ba, kayan ne kawai suka sake.

Tambaya mafi nauyi ita ce, duk wannan tari ya kawo kwanciyar rai? Hukumar lafiya ta Amurka ta ƙidaya mutum 48,830 da bindiga ta kashe a 2021, adadi mafi yawa da aka taɓa rubutawa zuwa lokacin. Fiye da rabinsu kuwa su ne suka juya bindigar a kan kansu. Dalilan mutuwar nan suna da yawa, ba zan ce tarin harsashi ne kaɗai ba. Amma a fili yake cewa ƙasar da ta cika ɗakunanta da harsashi a 2020 ba ta wayi gari cikin salama a 2021 ba, kuma makamin da aka saya don ɓarawon waje sau da yawa a cikin gida ya yi aikinsa.

To, 'yan'uwa, a nan ne mai bi zai ce, ashe tanadi laifi ne? Ba Littafi Mai Tsarki ne ya aike mu wurin tururuwa mu koyi hikima ba? Ba Yusufu ne ya tara hatsi a Masar ba? Gaskiya ne, tanadi ba laifi ba ne, rago ne kaɗai ke ƙin yin rumbu. Amma mu koma Farawa sura 41 mu duba irin tarin da Yusufu ya yi. Abin da ya tara abinci ne, abin da ke riƙe rai. A fili ya tara shi, cikin birane, kowa yana gani. A ƙarƙashin ikon sarki ya yi, da ma'auni sananne, kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona har shekara bakwai. Da yunwa ta zo kuma, buɗe rumbunan ya yi, Masarawa suka ci, baƙi suka ci, har 'yan'uwan da suka sayar da shi suka ci. Wanda ya ɗauki waɗannan alamu huɗu ya auna tarin harsashin da tsoro ke sa a yi, zai ga ba ko ɗaya da ta dace. A ɓoye ake yinsa, ba ma'auni sai iyakar kuɗin aljihu, kowa don kansa yake yi, kuma ranar da aka buɗe shi rai ake ɗauka.

Akwai wani tarin a Fitowa sura 16. An gaya wa Isra'ilawa kowa ya ɗibi manna daidai cin yini, amma wasu suka ƙi amincewa, suka ajiye na gobe, da safe suka tarar ya yi tsutsa yana wari. In muka lura, wannan ruɓewa ma jinƙai ce, gama ta nuna musu kuskurensu tun da wuri, ba ta kuma cuci kowa ba. Harsashi ba shi da wannan jinƙai. In aka ajiye shi a busasshen wuri yakan yi shekaru masu yawa yana nan da ƙarfinsa. Abin da ya sa aka saye shi zai wuce, mai sayen ma zai tsufa ya mutu, shi kuwa yana nan yana jiran hannu. Ba ya kuma tambayar hannun wanene.

Wannan ne ya kawo mu gida. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ba zan yi kamar ban san halin da jama'armu ke ciki ba. Ran 5 ga Yuni 2022 an shiga majami'ar Katolika a Owo ana tsakar sujada aka kashe masu ibada da yawa. A jajiberin Kirsimeti na 2023 an auka wa ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jihar Filato, mutum fiye da 150 suka rasu. A Yelwata ta jihar Binuwai, a watan Yuni na 2025, an yi kisan da ya girgiza ƙasa. Maƙwabtanmu Musulmi na Zamfara da Katsina da Sakkwato suna binne nasu haka nan. Tun a watan Maris na 2018 Janar T.Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce wa jama'a su kare kansu, a watan Yuni na 2022 kuma gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin bindiga, ko da yake babban hafsan tsaro na lokacin ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Mutumin da ya binne ɗansa, ya kira jami'an tsaro ba su zo ba sai da gari ya waye, in ya ce a haɗa kuɗi a sayi harsashi a ajiye tun bai yi tsada ba, ba mahaukaci ba ne. Ciwo ne ke magana a bakinsa, dole a saurare shi da girmamawa. Duk da haka ina roƙonsa ya saurari dalilaina shi ma.

Na fari, doka. Nijeriya ba Amurka ba ce. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Na yaƙi, irin su AK-47, haramtattu ne, sai da izinin shugaban ƙasa. Na farauta na zamani sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Adaka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, ita ma tana da nata izini daga kwamishinan 'yan sanda na jiha. Harsashin kansa ba a yarda mutum ya riƙe ba sai wanda ke da lasisin bindigar da ke cinsa, kuma wanda aka kama da haramtaccen makami yana fuskantar ɗaurin shekara goma. Abin da ɗan Amurka ke yi da rasit a hannu, a nan laifi ne na kurkuku. Mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as. Ƙauyen da ya ɓoye harsashi ba zai iya kiran hukuma da gaba gaɗi ba, kuma ranar da aka tono shi, waɗanda aka zalunta su ne za a jera gaban 'yan jarida a matsayin masu laifi, a manta da gawarwakinsu.

Na biyu, a hannun wa za a saya? Ba kanti a nan, sai kasuwar duhu. Wata ƙungiyar masu bin sawun makamai ta fitar da rahoto a 2020 a kan bindigogin da aka kama a Kaduna da Katsina da Zamfara, ta gano wasu sun fito daga rumbunan Libiya da suka watse bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, wasu an yi fasa-ƙwaurinsu daga Turkiyya, wasu kuma daga ma'ajin jami'an tsaron ƙasar nan suka ɓalle. Dillalin da ke wannan sana'a ba shi da addini ba shi da ƙabila. Wanda ya sayar wa ƙauye da safe, shi zai sayar wa 'yan daji da dare, kuma shi ne zai fi kowa baza labarin cewa kaya za su yanke, wancan gefen ma sun riga sun saya. Ɗan sarin Amurka kuɗi kaɗai yake ci. Namu kuwa kasuwarsa ba ta ci sai jini ya ci gaba da zuba, kowace naira da aka ba shi jari ce ta harin gaba.

Na uku, wa zai tsare ajiyar? Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai bindigogin AK-47 na 'yan sanda fiye da 88,000 da ba a iya ba da lissafinsu ba. In ma'ajin da ke da ƙofar ƙarfe da mai gadi da littafin rajista yana yoyo haka, ina ga ramin da aka haƙa a bayan ɗaki? Sarki Hezekiya, a 2 Sarakuna sura 20, ya zaga da manzannin Babila ya nuna musu taskarsa har da ɗakin makamansa, annabi Ishaya kuwa ya gaya masa cewa duk abin da ya tara can za a kwashe shi. Asiri ba ya daɗewa a ƙauye. Da an san akwai ajiya, ta zama abin da ke jawo mahara. In ma mahara ba su zo ba, akwai saurayin da ya sha ƙwaya, da ɗan siyasar da ke neman 'yan banga ranar zaɓe, da 'yan'uwa biyu masu rikicin iyakar gona, da matashin da aka kashe wa uba wanda ya ji an ce ga wasu matafiya can a kan hanya. Harsashin da aka saya don tsaro, ramuwa ce ta fi saurin samunsa, ramuwa kuwa kan marar laifi take faɗawa.

Na san ayoyin da ake kawowa. Ana cewa Ubangiji da kansa, a Luka sura 22, ya yi maganar sayen takobi. Amma mu karanta har ƙarshe. Da almajirai suka nuna masa takuba biyu, a nan ya tsai da maganar, bai aike su su nemo goma ba. A daren nan kuma, da Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist, Yesu ya tsawata masa, ya warkar da kunnen, ya kuma yi kashedi a kan ƙarshen masu dogara ga takobi. Ana kuma kawo Nehemiya, wanda maginansa suka yi aiki da makami a hannu. Haka ne, amma Nehemiya gwamna ne mai takardun izini daga sarki. A fili ya jera masu tsaro iyali iyali, da mai busa ƙaho a gefensa, da shugaba ɗaya da kowa ya sani. Wannan tsaro ne na jama'a a ƙarƙashin hukuma, ya kuma yi nisa da tarin ɓoye na kowa da nasa.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a naɗe hannu a jira yanka. Kula da iyali wajibi ne a kan mai bi. Maharbin da ke da lasisinsa ya riƙe abin da doka ta ba shi, daidai bukatarsa, a kulle, nesa da yara. Samarin da ke da zuciyar tsaron gari su shiga ta ƙofar da hukuma ta sani, ƙungiyar sintiri mai rajista wadda mai unguwa da hakimi da baturen 'yan sanda suka san sunan kowane ɗan cikinta, ko rundunonin da wasu jihohi suka kafa. Sa'an nan mu buɗe baki ga masu mulki ba tare da tsoro ba. Romawa sura 13 ta ce hukuma ce aka danƙa wa takobi, wannan kuwa nawaya ce kafin ta zama girma. Gwamnatin da ta hana talaka makami, ta kuma kasa zuwa in ya kira ta, za ta ba da lissafi gaban Allah, mu ma muna da ikon neman lissafi a wurinta da takarda, da wakilai, da ƙuri'a. Shugabannin ikilisiya su ne ya kamata su shige gaba a wannan, su rubuta sunan kowane mamaci da ranar da aka kai hari da sa'ar da aka kira agaji, domin kada a ce ba a sani ba.

In kuwa muna son tanadi, ga abin tarawa da yawa. Mu tara hatsi a rumbun ikilisiya saboda gwauraye da marayu da waɗanda aka kora daga gonakinsu. Mu koya wa matasa da Zumuntar Mata yadda ake tsai da jini da ɗaure rauni, gama mutane da yawa a hanyar asibiti suke cikawa. Mu shirya yadda labari zai kai ƙauye na gaba cikin minti kaɗan, da inda tsofaffi da yara za su nufa in dare ya ɓaci. Fiye da duka, mu tara amana tsakaninmu da maƙwabta, da limamin unguwa, da arɗon rugar da ke kusa. Mun ga abin da amana ta yi a watan Yuni na 2018 a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, inda Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista fiye da ɗari biyu a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Wannan dattijo ba shi da harsashi ko ɗaya, amma ya ceci rayukan da akwati goma ba za su ceta ba. Irin wannan ajiya ba a sayenta ranar tashin hankali, tun ana zaman lafiya ake tara ta, da gaisuwa, da ziyarar ta'aziyya, da gaskiya a ciniki.

Mawadacin nan na Luka sura 12 ya rushe rumbunansa ya gina manya, ya ce wa ransa ya huta, a daren kuwa aka nemi ran. Kuskurensa shi ne ya zaci kwanciyar rai abu ce da ake aunawa da yawan abin da ke cikin ɗaki. Mai kwali goma yana tsoron ba za su isa ba, mai ɗari ma haka, domin tsoro ba ya ƙoshi. Amurka ta gwada sau uku, ta sami kantuna wofi da aljihun 'yan sari cike. Mu da ke da raunuka a buɗe, kada mu yarda dillalan mutuwa su mai da hawayenmu kasuwa. Duk wanda aka zo masa da maganar karo-karo na ɓoye, ya tambayi mai maganar abu uku: a hannun wa za a saya, wa zai riƙe, kuma a hannun wa zai kasance bayan shekara goma.

Ubangiji ya ta'azantar da masu makoki, ya ba shugabanninmu zuciyar yin aikinsu, ya kuma ba mu hikimar rarrabe tanadi da tsoro. Amin.